Littafin Malam Key a Kan Siyasar Kudancin Amurka

A cikin 1949 wani shaihun malami mutumin Texas, V. O. Key, ya wallafa littafi mai suna Southern Politics in State and Nation. Ya bi jihohi 11 na Kudancin Amurka ɗaya bayan ɗaya, watau waɗanda suka ɓalle a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, ya bayyana yadda ake mulkinsu.

Ga abin da ya gano. A wancan zamani jam'iyya ɗaya ce tak ke cin zaɓe a can, watau Dimokurat. Turawa masu manyan gonaki, a gundumomin da baƙar fata suka fi yawa, su ne ke riƙe da linzaminta. Aka sa harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu don a hana baƙar fata yin zaɓe. Talakan Bature kuwa aka yi ta tsorata shi da maƙwabcinsa, har ya manta da neman makaranta da asibiti. Tun da babu 'yan hamayya, in mulki ya ɓaci ba wanda za a kama da laifi. A nan malamin ya faɗi gaskiya, hujjojinsa ba su da makusa.

Amma hangensa na gaba bai cika duka ba. Ya sa rai in birane suka bunƙasa, jam'iyyu suka zama biyu, maganar launin fata za ta yi sanyi, talakawa su sami bakin magana. Ya rasu a 1963. A 1964 aka yi dokar hana wariya, Sanata Strom Thurmond ya koma jam'iyyar Rifablikan, Turawa da yawa suka bi sahunsa sannu a hankali. A 1965 aka yi dokar 'yancin zaɓe. A Misisifi baƙar fata masu rajista suka tashi daga wajen 7 cikin 100 zuwa wajen 60 a 1967, galibinsu suka bi Dimokurat. To, jam'iyyu sun zama biyu, amma launi ne ya ja iyaka tsakaninsu.

Kada mai karatu ya ce tuwo kawai aka sake wa suna, gama a 1989 mutanen Virginia sun zaɓi Douglas Wilder, jikan bayi, ya zama gwamnansu. Kuskuren malamin ɗaya ne: ya auna tsawon ran ƙiyayya, ya rage mata shekaru. Duk da haka, mai son ya gane yadda manya ke raba kan talakawa don su daɗe bisa mulki, ya fara da wannan littafi.