Tsokaci bisa alamar tunawa ta Tenere

Ranar 19 ga satumba 1989, bam ya tarwatsa jirgin DC-10 na kamfanin UTA bisa Tenere, mutum 170 suka rasu. A 2007 iyalansu suka shimfiɗa da'irar baƙaƙen duwatsu, siffar jirgin a tsakiya, fasassun madubai 170 a kewaye, sunayen mamatan a jikin fiffike. A ganinmu ƙarfin aikin yana ga madubai: kowane mamaci da nasa, kuma fasasshen madubi ba ya ɗinkuwa. Rauninsa kuwa, siffar ba ta fita sarai sai daga sama. Mai duban hoton tauraron ɗan Adam ya ga jirgi, madugun ayari ya ga duwatsu. Ke nan an fuskanci duniya, an ba mutanen hamada baya.