Bakin Faifai: Yadda Allurar Garmaho Ta Tsara wa Waƙa Mafari

Faifan garmaho tsagi ɗaya tak gare shi a kowace fuska, wanda ya nannaɗe daga baki har zuwa kusa da takardar tsakiya. Muryar mawaƙi da kiɗansa suna cikin lanƙwashe-lanƙwashen bangon wannan tsagi, allura kuma tana binsa tana karkarwa. Matsalar da ta daɗe tana damun masu ƙera faifai ita ce yadda allurar za ta shiga tsagin tun farko, ba tare da ta zame ta faɗi waje ba, ba kuma tare da ta tsallake baitin farko ba. Maganin da suka samo yana nan a gefen faifai: wani tsagi mai tazara, wanda babu sauti a cikinsa, da yake kama allura ya kai ta inda waƙa ta fara. Faɗin wurin bai kai na farce ba, amma a ganina ya taɓa yadda mawaƙanmu suke buɗe waƙa fiye da yadda ake zato.

Da Emile Berliner ya yi rajistar garmaho a Amurka a 1887, babu wannan dabara. Faya-fayan farko gefensu sumul yake, sai mai garmaho ya sauke allura a wurin, ya ɗan tura ta da yatsa har ta faɗa tsagi. Wasu kamfanoni sun riƙa ɗaga bakin faifan kaɗan don ya tare allura. Kamfanin Pathé na Faransa kuwa, a farkon ƙarni na 20, daga tsakiya yake fara waƙa ta ƙare a baki. Wannan ba wauta ba ce. Faifai yana juyawa da gudu ɗaya, amma da'irar baki ta fi ta ciki tsawo. A babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, tsagi yana wuce allura da kusan santimita 50 a daƙiƙa a baki, a ciki kuwa kusan 20 ne. Saboda haka sauti ya fi fita tas a baki, kuma waƙar da ke zafafa a ƙarshe ta fi dacewa da farawa daga ciki. Masu fim ɗin Vitaphone na 1926 ma daga ciki suke farawa, har da kibiya da aka zana a faifan don mai nuna fim ya san daidai inda zai ɗora allura, in ba haka ba baki ya motsa a majigi magana ta zo daga baya.

Abin da ya tilasta a tsayar da tsari ɗaya shi ne na'urar da ke sauya faifai da kanta, wadda ta fara yaɗuwa daga ƙarshen shekarun 1920. Hannun na'ura ba ya gani. Wuri ɗaya yake sauka kullum. Dole faifai ya zama inci 10 ko 12, daga baya da inci 7, dole kuma a yi masa tsagin shiga a baki da tsagin fita a ciki wanda zai kashe injin. Da Columbia ta fito da babban faifai na roba a 1948, RCA Victor kuma ta fito da ƙarami mai juyi 45 a 1949, tsarin ya riga ya zauna.

Irin waɗannan faya-fayai sun iso har Garwa ta Kamaru. Ba ta da masana'antar faifai, amma tana bakin Binuwai, kuma shekaru da dama a da jiragen ruwa sun riƙa hawowa daga Najeriya ta Yola a watannin da kogi ya cika, su sauke haja su ɗauki auduga da gyaɗa. Hanyar fatake ma a buɗe take zuwa Yola da Mubi da Maiduguri. Faya-fayan Hausa ta waɗannan hanyoyi suke shigowa: tun tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, har da Hausa a cikin harsunan, daga baya kamfanoni irin su EMI suka buga waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a Najeriya. Sai dai duk wanda ya tsara bakin faifai ya yi lissafinsa ne da ɗakin Turai mai sanyi. A unguwa irin Jambutu, ta Garwa nake nufi ba takwararta ta Jimeta ba, zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma faifan roba da aka jingina a ɗaki mai rufin kwano lanƙwashewa yake yi. Lanƙwasar a baki ta fi tsanani, daidai inda allura ke sauka, sai ka ga hannun garmaho yana hawa yana sauka har ya yi tsalle ya wuce farkon waƙa. Ga ƙurar hunturu da ke maƙalewa a maiƙon yatsu, kuma baki ne wurin da kowa ke riƙewa. Maganin da aka sani ko'ina shi ne a ɗora kuɗin ƙarfe a kan hannun don ya yi nauyi. Allura takan zauna, amma tana cin tsagin kamar yadda garma ke cin kunya.

Tsohon faifai mai juyi 78 kuwa zafi bai fi damunsa ba, fashewa ce ajalinsa, kuma daga baki yake fara ɓantarewa. Akwai wani abu game da shi da mutane da yawa ba su sani ba. An cakuɗa shi da garin dutse da gangan, don ya goge allurar ƙarfe ta yi daidai da tsagi, shi ya sa ake sayar da allura a ɗan gwangwani, ana son a sauya ta bayan kowace fuska. Sabuwar allura a juyin farko take yin mafi yawan gogewar. Ke nan tsagin shiga mara sauti yana ɗaukar wannan wahala a madadin muryar mawaƙi. Inda babu shi, ko inda aka yi ta maimaita tsohuwar allura don tsimi, baitin farko ne ke fara mutuwa.

A gidan rediyo lamarin ya juye. Rediyon Garwa, wanda aka buɗe a 1958, ya yi suna da shirye-shiryensa na Fulatanci da Hausa, kuma mai gabatar da zaɓen masu saurare ba ya son shiru ko na daƙiƙa biyu bayan ya gama gaisuwa. Al'adar gidajen rediyo a zamanin faifai ita ce a nemo bugun farko, a juya faifan baya kaɗan da hannu, a riƙe shi a kan shimfiɗar da ke zamewa yayin da injin ke juyawa a ƙasa, a sake shi da kalmar ƙarshe. Wannan kai-da-komowa yana ƙona wurin, har faifan da aka fi nema ya riƙa farawa da shuu. Waƙar da jama'a suka fi so ita ce mafarinta ya fi lalacewa.

Yanzu ga inda na fi so a duba. Waƙar baka ta Hausa, a fagenta, ba ta da wani layi da za a ce nan ta fara. Makaɗa suna ɗaure kalangu ko kotso suna gwada murya, sanƙira yana kirari yana ambaton manyan da ke zaune, 'yan amshi suna daidaita tsayuwa, mawaƙi yana duban taro yana auna wanda zai fara da shi. Kiɗa yakan daɗe yana tafiya kafin a yanke amshi. Faifai inci 10 mai juyi 78 kuwa minti uku ne da 'yan kai a fuska ɗaya, kuma kafin zuwan tef a kan kaki ake yanka sauti kai tsaye, babu gyara. Injiniya ya sauke abin yankan, ya bar tsagin shiru ya wuce, ya ba da alama, dole sauti ya tashi nan take. Abin da ake ji a yawancin tsofaffin faya-fayan shi ne bugu kaɗan, sai amshi ya faɗo. Wannan ya ba waƙa ƙarfi. Amshin da aka jefa a daƙiƙun farko shi ne ke zama sunan waƙar a bakin jama'a, da shi ake neman ta a kanti da gidan rediyo. Amma an yi asara. Sharar fage da kirari da wasan makaɗa, inda gwanintar ƙungiya ke bayyana kafin uban kiɗa ya buɗe baki, su ne aka fara yankewa. Wanda ya san Shata ta faifai kaɗai zai ɗauka haka yake faɗa wa waƙa ba sallama, alhali naɗe-naɗen bukukuwa na zamanin kaset suna nuna yadda ake shiga a hankali.

Kaset ɗin da Philips ta fito da shi a 1963 ne ya kori faifai daga kasuwanninmu, ya kuma dawo wa mawaƙi da tsawon numfashi. Faya-fayan da suka rage a akwatuna a Garwa da Marwa da Ngaundare yanzu wasu na juye su zuwa kwamfuta da waya, kuma nan ne nake ganin ana ɓarna. Mai juyewa yakan datse farkon don ya kawar da ƙas-ƙas, ya haɗa da bugun farko da numfashin mawaƙi. Ya kamata a wanke bakin faifan da kyau, a ɗauka tun daga saukar allura, a ajiye wannan kwafin yadda yake kafin a yi wani gyara. A kuma rubuta lambar da aka zana a filin da ke tsakanin ƙarshen tsagi da takardar tsakiya, domin ko takardar ta goge, da wannan lamba ake bin littattafan kamfani a gano wanda ya yi waƙar da lokacin da aka ɗauke ta.