Kafin Alƙalami a Kilomita Biyar

Ranar 30 ga Nuwamba, 2015, Paparoma Francis ya shiga babban masallacin Koudoukou da ke unguwar Kilomita Biyar a Bangui, Liman Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi. A harabar masallacin kuwa akwai rumfunan mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Tun da ƙungiyar 'yan tawaye ta Seleka ta ƙwace mulki a watan Maris na 2013, 'yan anti-balaka masu adawa da ita kuma suka far wa birnin a Disambar wannan shekara, unguwar ta zama mafakar Musulmi ta ƙarshe a babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. 'Yan jarida sun yi ta maganar sulhu, kuma sun kyauta. Ni dai tunanina ya tafi ga wani rukuni na mazauna irin wannan unguwa da ba a cika ƙirgawa ba, wato waɗanda jarinsu bai wuce alƙalami da allura da buroshi ba. Mai shinkafa yana da ciniki ko ana ruwan harsashi. Mai zane fa?

Kilomita Biyar zango ce, irin wanda Bahaushe ya sani daga Kumasi har Yawunde. Ita ce cibiyar kasuwancin Bangui, inda Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi suka cakuɗa, ana ciniki da harshen Sango da Faransanci da Larabci da Hausa, ana biya da sefa. Yawancin kayan da ke cikinta daga Duwala suke tasowa, su ratso ta Garoua-Boulaï a kan iyakar Kamaru.

A birnin, kasuwar zane iri biyu ce. Ta farko tana can cikin gari, inda ake sassaƙa katako, ake kuma yin abin da ƙasar ta yi suna a kai: hotunan da ake harhaɗawa da fuka-fukan malam-buɗe-littafi, ana liƙa su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda har su fitar da aku ko mace tana daka. Aiki ne mai ban sha'awa, amma mai sayensa baƙo ne, ɗan yawon buɗe ido ko ma'aikacin agaji da ke neman tsaraba. Ranar da jirgi ya kwashe baƙi, kasuwa ta tashi. Ko Clément-Marie Biazin, wanda aka haifa a 1924, ya shafe kimanin shekara ashirin yana yawo a ƙasashen Afirka, sannan ya dawo yana zana tarihi da al'adu yana kewaye su da rubutu, sai da wani Bafaranshe, Robert Sève, ya tsaya masa kafin Turai ta san da shi. Ya rasu a 1981 bayan ya sha fama da kuturta. Gidan tarihi na Barthélemy Boganda, inda ya kamata yaron Bangui ya je ya ga aikin magabata, rikicin ya sa aka rufe shi, kayan cikinsa suka koma akwatuna.

Kasuwa ta biyu ita ce tamu, ta gindin masallaci, kuma ba ta san hoton ratayewa a bango ba. Zanenta kullum a jikin abin amfani yake: allo, riga, hula, gafaka, ƙofar shago, bayan mota, tafin amarya. Masu kallo daga nesa sukan ce addini ne ya hana Bahaushe zane. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an cika mata gishiri. Malaman Malikiyya, mazhabar da zango ke bi, sun bambanta gunki mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko tufa, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Abin da ba shi da rai kuwa babu mai ja a kansa. Abin da ya faru shi ne gwanintar ta bi inda ƙofa take a buɗe, ta koma harafi da ƙulli da daidaiton layi. Wanda ya taɓa ɗaga kai a masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 ba zai ce mutanen nan ba su da ido ba.

A duba allon zayyana, wanda ake yi wa ɗalibi ranar sauka. Mai zayyana yakan fara da goge allon har ya yi sumul. Ya fere alƙalamin gamba kamar uku, kowanne da kaurin bakinsa. Baƙar tawada ta gawayi ce da ƙaro; ja da rawaya da kore suna cikin 'yan kwalabe a gefe. Sai ya ja iyaka, ya raba fuskar allon gida-gida, ya bar fili a tsakiya don Fatiha da farkon Baƙara, sannan ya shiga cike gefuna da ƙulle-ƙulle, layi na hawa kan layi yana nutsewa ƙarƙashin wani. Babu abin gogewa. Hannu ya karkace sau ɗaya, sai a wanke allo a koma farko. Aikin kwanaki ne, a zaune a kan buzu, baya a lanƙwashe.

To, ranar karɓa sai a ji abin da ke gudana.

"Allah gafarta Malam, nawa za a bayar?"

"Haba Alhaji, ai aikin Allah ne. Kawo abin da ya sawwaƙa."

A nan gizo ke saƙa. Bahaushe ba ya sayen Alƙur'ani, fansarsa yake yi, kuma wannan ladabin ya bi duk abin da ke ɗauke da aya. Malam ba zai iya buɗe baki ya yanka farashi ba, kada a ce ya mai da ayar Allah haja. Alhaji kuwa, wanda ya yanka rago ya dafa buhun shinkafa saboda walimar, sai ya dunƙula 'yan takardu ya tura ƙarƙashin buzu, ya tafi yana jin ya yi sadaka. Wani sa'in abin da ya dunƙula yakan zarce ƙimar aikin ninki biyu, wani sa'in ko kuɗin tawada bai kai ba, kuma a duka biyun amsar ɗaya ce: "Allah ya saka da alheri." Mutum ba ya tsara cefanen wata a kan abin da ya sawwaƙa.

Kakanninmu sun hango wannan, shi ya sa suka ƙirƙiro kafin alƙalami, abin da ake ajiye wa malami tun bai tsoma alƙalami a tawada ba. Abin dariya shi ne yau birkila da makanike da mai haya duk sun ari kalmar suna karɓar nasu ba kunya, mai alƙalamin da aka yi ta dominsa shi ne ke jin nauyin ambatonta.

A wajen babbar riga ba maganar aya, amma rabon bai canja ba. Aska takwas ko aska biyu, akwai wanda ke fara zana ta da tawada a kan yadi, sau da yawa almajiri ko malami mai saitin hannu. Daga shi sai maɗinki, wanda zai yi makonni ko watanni yana bin zanen da allura, sai mabugi ya buge ta ta yi ƙyalli, sai dillali ya kai ta ga mai saye. Idan an yaba rigar a ɗaurin aure, shaddar ake tambaya: gezna ce? Sunan Getzner, kamfanin da ke can Ostiriya, ya shiga bakin kowa, na mai zanen kuwa ko wanda ya sa rigar bai san shi ba. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kuma yi dogon bincike kan ɗinkin Hausa, yana cikin 'yan kaɗan da suka damu su bi sawun masu wannan aiki. A garin Zariyan ne kuma, a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane. Su suna sa hannu a ƙasan aikinsu, sunan kuma ya zame musu jari. Tsakanin makarantarsu a Samaru da cikin ganuwar Zariya ba wata tafiya ba ce, amma al'adar sa hannun ba ta ƙarasa ba.

Sai kuma inji. Keken ɗinki mai kwamfuta yana fitar da wuyan riga kafin a idar da la'asar. Na'urar buga allon talla ta ture mai rubuta allon shago, wanda a da shi kaɗai ne a cikinsu ke yin ciniki ido da ido, ya ce harafi kaza, fenti kaza, albarka ko sallama. Ba na cikin masu tsine wa inji. Matashin da ya iya tsara katin biki da tambarin shago a waya, ya tura ta WhatsApp, yakan karɓi rabin kuɗinsa kafin ya fara, ba ya kuma sunkuyar da kai. Ido ɗaya ne da na kakansa mai zayyana, bakin ne ya buɗe.

A Kilomita Biyar duk wannan ya haɗu da wani nauyin. Shekaru 'yan bindigar da ke kiran kansu masu kare unguwa suna karɓar haraji a hannun 'yan kasuwa, har a Disambar 2019 'yan kasuwar suka ce ya isa, aka yi artabu, aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone. Attajirin da ke cikin wannan hali ba ya ɗinka aska takwas, yakan ɗage walimar sauka zuwa baɗi. A 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce an lalata masallatai 417 daga cikin 436 na ƙasar. Duk wanda aka sake ɗagawa a cikinsu yana buƙatar mai rubuta kalmar shahada a saman mihrabi. Kwamitin gini zai biya mai siminti, ya biya mai kwano, ya biya kafinta, kowa da takardar lissafinsa. Idan aka zo kan mai rubutu, sai a aika yaro ya kira shi, a nuna masa tsani da gwangwanin koren fenti, a ce Malam a taimaka, fisabilillahi.