Harshen Bayanai a Ƙa'idojin Digiri na Uku

Ƙa'idojin digiri na uku a jami'o'inmu sun yi dogon bayani kan rajista da wa'adin karatu da kare kundi, amma ba su cika kula da harshen da aka tattaro bayanai da shi ba. A ɗauki ɗalibin aikin gona na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa: da Hausa zai zanta da manoman Miri, da Turanci zai rubuta kundinsa. Wa zai tantance fassarar? Mai jarrabawa na waje ita kaɗai yake gani. Jami'o'in Kano da Zariya sun daɗe suna karɓar kundayen nazarin Hausa da Hausa. A ganinmu, ya kamata a wajabta wa sauran fannoni kawo asalin zantawar a rataye.