Majami'ar Santa Kuroce da Ɗakin Ibadar Gidan Pazzi

A birnin Fulorans, cikin ƙasar Italiya, akwai wata babbar majami'a ta 'yan zuhudun ɗariƙar Faransis, ana kiranta Santa Kuroce, watau Gicciye Mai Tsarki. An sa harsashinta wajen shekarar 1294, tsawonta kuwa ya fi ƙafa 370. Nan aka binne Mikelanjelo da Galileyo.

Su 'yan zuhudun nan sun ɗauki wa'adin zaman talauci ne, amma attajiran gari suka riƙa ba da dukiya, kowane gida na gina ɗakin ibadarsa domin sunansa ya tabbata. Cikinsu har da Andireya na gidan Pazzi, masu banki. Nasa ɗakin yana cikin farfajiyar 'yan zuhudu, a gefen majami'a, can ne kuma suke taron shawara. Yawancin masana sun ce Burunelleski ne ya zana shi, aka soma gini wajen 1442.

Baƙo yakan fara tsayawa ne gaban fuskar majami'a, wadda aka lulluɓe da marmara mai launi-launi tsakanin 1857 da 1863. Ado ne mai ɗaukar ido, amma kamar aron riga yake, gama bai dace da sauƙin da ke ciki ba. Ɗakin Pazzi kuwa ba shi da wannan aibi. Bangonsa fari ne, an zagaye shi da dutse mai ruwan toka, har mai kallo ya ga inda kowane ginshiƙi da kowane baka ya ɗauki nauyinsa. Ƙubbarsa tana da ƙananan tagogi 12, haske na saukowa daidai wa daida. Launi kaɗan ne, yawancinsa shuɗi da fari, a siffofin almajiran Annabi Isa na tangaran waɗanda Luka della Robbiya ya yi. Kyansa duka daga awo ya fito.

Sai dai abin da gidan Pazzi suka nema bai samu yadda suka so ba. A 1478 suka ƙulla wa gidan Medici makirci, aka kashe Juliyano, wansa Lorenzo ya tsira da rauni. Aka karkashe waɗansunsu, aka kori saura, aka hana ambaton sunansu a birni. Dukiya ta watse, mulki bai zo ba. Yau in ana tuna Pazzi da alheri, albarkacin maginin da ya san awo ne.