Kanikawan Tseren Dakar

Tseren Dakar gasa ce ta juriya tsakanin motoci da babura da manyan motocin kaya, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Na farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Aljeriya da Nijar da Mali, ya ƙare a Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Cikin ababan hawa 182 da suka tashi, 74 kaɗai suka kai. A lokacin da ake yin sa a Afirka, Agadas ta daɗe tana cikin manyan zangunan tseren.

Direba ake miƙa wa kofi, amma masu bin gasar da idon basira kanikawa suke yi wa jinjina. Mota na shigowa zango da yamma, sai su duƙufa a kanta da fitila. Su canza matatar iskar da rairayi ya toshe, su duba birki da giya, su ɗaure duk abin da duwatsu suka kwance, wani lokaci har asuba. Gari na wayewa kuma su kama hanya don su riga direban isa zango na gaba, barci sai a cikin mota. Bakaniken Kwanar Dangora ko na Tudun Wada ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan wahala. Akwai kuma matakin da ake hana su taɓa motar, dole direba da abokin tafiyarsa su yi gyaran da kansu.

An soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa.