Goggon Biri a Silima: An Ba Dabba Suna, An Hana Mutum

A shekara ta 1847 wani likita ɗan mishan daga Amurka, Thomas Savage, ya sauka a gidan abokin aikinsa John Leighton Wilson a bakin kogin Gabon. A can aka nuna masa ƙoƙon kan wata dabba wadda masanan Turai ba su sani ba. Da shi da masani Jeffries Wyman suka rubuta bayaninta, ta haka goggon birin nan da ake kira gorila ya shiga littattafan kimiyya. Mutanen Gabon kuwa sun san shi tun kaka da kakanni, su ne ma suka kawo ƙasusuwan. Amma sunayensu ba su bi ƙasusuwan zuwa Amurka ba. Wannan mantuwa ita ce silima ta gada.

Fim na farko da ya kafa hoton gorila a zukatan jama'a shi ne King Kong na 1933. An nuna ƙaton biri mai ban tsoro, aka kama shi a wani tsibiri, aka kai shi birnin Niyu Yok domin a yi kuɗi da shi, daga bisani jiragen sama suka harbe shi a ƙwanƙolin dogon bene. Mai kallo yakan fita yana jin tausayin birin. Amma baƙaƙen mutanen tsibirin fa? An nuna su suna rawa da ihu, suna miƙa mace hadaya ga dabba. Ba wanda aka roƙa ya ji tausayinsu.

Kimiyya ta ƙaryata rabin wannan hoto. George Schaller ya zauna kusa da gorilar duwatsun Birunga a 1959 da 1960, ya tarar ganye da tohon gora ne yawancin abincinsu, bugun ƙirjin da namiji yake yi kuma gargaɗi ne kafin ya zama faɗa. Dian Fossey ta ɗora a kan aikinsa, ta kafa sansanin Karisoke a Ruwanda a 1967, a can ne kuma aka kashe ta a watan Disamba na 1985. Labarinta ne ya zama fim ɗin Gorillas in the Mist na 1988, wanda Michael Apted ya shirya, Sigourney Weaver kuma ta fito a matsayin Fossey.

Dole a yaba wa fim ɗin inda ya cancanta. An ɗauki sassa da yawa a cikin dajin Ruwanda, a tsakanin gorila na gaske. Duk wanda ya ga inda dabbar ta miƙa hannu ta taɓa hannun matar, ba zai ƙara ce mata dodo ba. Kisan Digit, gorilar da mafarauta suka kashe a ƙarshen 1977, an nuna shi yadda zai sosa zuciya. Fim ɗin bai kuma ɓoye zafin halin Fossey ba, gama ya nuna ta tana ƙone bukkokin mafarauta, tana kuma tsorata wani da igiyar rataya.

To, a nan ne raunin yake. Birai suna da sunaye da halaye, mai kallo ya san wanda ya mutu, ya yi makokinsa. 'Yan Afirka kuwa, ban da Sembagare mai bin sawu, yawancinsu masu ɗana tarko ne ko ma'aikata marasa amana. Fim ɗin bai tsaya ya zauna a gidan mafaraucin ba. Tarkon nan yawanci domin gada ake ɗana shi, a sami naman miya. A ƙarshen shekarun 1960 an yanke babban yanki na gandun dajin aka shuka furen da ake yin maganin ƙwari da shi, domin kasuwar waje. Wanda ya ci daji da takarda ya fi wanda ya ci shi da igiya ɓarna, amma fuskar mai igiyar ce ta cika allo. Rainon halitta aiki ne da aka danƙa wa ɗan Adam, sai dai ba a cika shi ta wurin rena maƙwabci.

Tarihi ma ya goyi bayan wannan suka. A ƙidayar 1981 gorilar Birunga ba su wuce 254 ba. Zuwa 2019 jimillar gorilar duwatsu, haɗe da na dajin Bwindi a Uganda, ta haura 1,000. Masu gadin daji 'yan Ruwanda da Uganda da Kwango ne suka ɗauki nauyin wannan aiki, fiye da 200 kuma sun rasa rayukansu a gandun Birunga na Kwango. Akwai kuma waɗanda suka biya ba da sonsu ba: a farkon shekarun 1990 an fitar da mutanen Batwa daga dazuzzukan Bwindi da Mgahinga.

Sai a 2014 fim ɗin Virunga ya ba ɗan ƙasa wurinsa, ya nuna André Bauma yana renon marayun gorila yaƙi na matsowa, ya ƙi gudu ya bar su. Ga ma'aunin da ya kamata a riƙe. A kan iyakar Kamaru da Nijeriya akwai gorilar yankin Kuros Riba, waɗanda ba su wuce kimanin 300 ba. Ranar da za a yi fim a kansu, mai kallo ya tambaya ko manomin da gonarsa take bakin dajin ya sami suna da murya, gama ran dabbobin nan yana hannunsa.